Ɗaki Ya Cika

Daren Talata na bar ta tana sabunta kanta.
Kashi sittin da uku, nan ta cije
kamar A-daidaita-sahu a cunkoson Ɗangi.
Na ce bari in yi isha'i in dawo.
Kafin in sallame an ɗauke wuta,
ba ta kai ɗari ba.

Da safe na ɗaga ƙofar shago a Gyaɗi-Gyaɗi,
na ja janareta sau bakwai kafin ya yi tari.
Allo ya waye: ga sunana, ga gurbin kalmar sirri.
Shekara tara yatsuna ke zuba kalmar nan
ko da ban gama farkawa ba.
Na zuba. Allo ya ƙifta ido,
ya maido ni bakin ƙofa
kamar bai taɓa ganina ba.

Da ma ta ce na yi kuskure, da na zargi yatsana.
Na duba ko manyan baƙaƙe ne a kunne,
na busa madannai, ɓawon gyaɗa ya fito,
na kashe, na kunna, na sake kashewa,
har na yi mata irin ta rediyo, mari ɗaya a gefe.
Ba ta ji ba.

Malam Tasi'u na kan benci tun bakwai da rabi,
takardun fansho a cikin ledar burodi.
"Layi huɗu ne kawai, ɗana.
A gaya musu dai ban mutu ba."

Na kira Rumasa'u daga titin Beirut.
Ta zo da filashi rataye a wuya kamar laya,
ta danna maɓalli uku a tare,
allo ya yi baƙi ƙirin, farin rubutu na tafiya kamar tururuwa.
Ta karanta, ta yi dariya ta hanci:
"Kalmarka daidai take, Yaya Mudassir.
Ƙofa ta buɗe, ɗakin ne ya cika.
Sabuntawa ta zo da kayanta, ta rasa masauki,
ta jibge su a zaure,
shi ya sa ko wurin cire takalmi ba ka samu ba."

Na ce me ya cika shi?
Ta tashe ta daga filashin, ta juyo min allon.

Takardun rantsuwa na masu gyaran shekaru.
Katin biki na waɗanda 'ya'yansu yanzu ke firamare.
Cigiyar tunkiya. Sanarwar rasuwa.
Kundin digiri da mai shi ya tafi kawo ciko
har yau bai dawo ba.
Sai wani yaro daga Kurna, takardar neman aiki,
sau goma sha ɗaya ya zo,
kowane zuwa a sauya sunan ma'aikata a sama,
ƙasan dai bai taɓa sauyawa ba.

"Goge wasu," in ji ta, "giga biyu ma ya isa."
Na ɗora hannu kan linzami.
Ashe gogewa ta fi bugawa nauyi.

Na tsallake yaron Kurna, na tsallake tunkiya,
na gangara ƙasa inda nawa suke:
finafinan da na tara ban kalla ba,
hotunan motocin da ban saya ba,
zanen bene hawa biyu a filin da ban mallaka ba.
Su na kora.

Sittin da huɗu. Saba'in. Janareta na ci mana mai.
Ɗari.
Na zuba kalmar, ƙofa ta bar ni na wuce.

Na buga wa Malam Tasi'u layinsa huɗu,
ya sa hannu, biro na rawa.
Na danna adanawa. Rumasa'u ta harare ni.
Na ce wannan ba ya cin wuri,
kuma baɗi, in da rai, zai dawo
a sake gaya musu bai mutu ba.